Neman kalmar Hausa: me za mu kira aerobatics?

'Yan'uwa masu fassara da ma'abota harshe, ina so mu tsayar da kalma ɗaya da za mu riƙa amfani da ita a madadin aerobatics, wato juye-juyen gwaninta da jirgin sama a sararin samaniya, domin a halin yanzu kowa gabansa yake kamawa: wani ya rubuta shawagi, wani atisaye, wani kuma ya bar ta da Turancinta.

Turawa sun ƙera kalmar ne daga aero, wadda ta fito daga sunan iska a Girkanci, da wutsiyar acrobatics, wato wasan masu tsalle da juyi da tafiya a kan igiya. Ta fara bayyana a rubuce wajen 1914, jim kaɗan bayan an fara aikata abin da take nufi. A watan Satumba na 1913 wani hafsan sojan Rasha, Pyotr Nesterov, ya ɗaga hancin jirginsa a kusa da Kiev, babban birnin Ukraine na yanzu, ya yi ta hawa har kansa ya koma ƙasa ƙafafunsa sama, sannan ya gangaro ya dawo inda ya faro, ya zana cikakkiyar da'ira a sarari. Shugabanninsa tsare shi suka fara yi bisa laifin jefa kayan gwamnati cikin haɗari, sai daga baya aka yaba masa. A cikin watan dai Bafaranshe Adolphe Pégoud ya yi irinta a gaban jama'a.

A Turanci aerobatics sunan fanni ne gaba ɗaya, ba sunan juyi guda ba, kuma sifarta aerobatic ce, wadda ake liƙa wa jirgi ko ayari ko gasa. Ba ta da alaƙa da aerobics, wanda motsa jiki ne, ko da yake kunne kan haɗa su. Akwai kuma stunt flying, wadda aka fi ji a jaridu da harkar fim, amma matuƙan da ke wannan sana'a ba su cika son ta ba, saboda tana ɗauke da warin ganganci.

Wannan ƙyamar tasu tana da hujja, kuma ita ya kamata ta ja mana gora. Tun 1960 ake gasar duniya a wannan fanni, an kuma fara ta ne a Bratislava, babban birnin Slovakia na yanzu. Matuƙi ba ya yin abin da ya ga dama: ana keɓe masa wani yanki na sararin sama mai tsawon mita 1,000 da faɗin mita 1,000, ana rubuta masa juye-juyen da zai yi ɗaya bayan ɗaya da alamomin da Basifaniye José Luis Aresti ya tsara, alƙalai kuma suna zaune a ƙasa suna rage masa maki idan da'irarsa ta lotsa ko fiffikensa ya karkace. Duk kalmar da za ta sa mai karatu ya ɗauka wauta ake yi, ta zalunci mutanen da suka shafe shekaru suna koyon aikin.

Shi ya sa ban gamsu da "wasan jirgi" ba, duk da sauƙinta a baki, domin Bahaushe na jin ta zai tuna wasan mota da samari ke yi a biki, inda ake jan birki ƙura ta turnuƙe, wani lokaci a kwashi gawa. Shawagi kuwa tafiya ce a natse, irin ta jirgin da ke kewaya gari yana sintiri. Atisaye na soja ne, alhali da yawa daga masu wannan fanni fararen hula ne.

Abin da nake ba da shawara shi ne alkafurar jirgin sama. Alkafura tamu ce, tana nuna juyi da jiki wanda sai an koya ake iyawa, ba ta kuma ɗauke da zargi. Tana haihuwa cikin sauƙi: ɗan alkafurar jirgi, gasar alkafurar jirage, ayarin 'yan alkafura irin Red Arrows na sojan saman Birtaniya. Na san za a ce ba kowane juyi ne alkafura ba, musamman idan jirage tara suka jeru fiffike kusa da fiffike suna fesa hayaƙi ja da fari da shuɗi. Gaskiya ne, amma ita ma acrobatics asalinta mai tafiya a kan yatsun ƙafa take nufi, amfani ne ya faɗaɗa ta. Ƙananan juye-juyen sai su samu nasu sunaye: da'ira, mirgina, tafiya a rigingine.

Saura abu guda da nake neman ji daga mutanen Sakkwato da Damagaram da Zazzau: shin alkafura ce ta fi gudana a bakinku, ko adungure? Ni na fifita alkafura ne saboda mai adungure a ƙasa yake birgima, mai alkafura kuwa sai ya bar ƙasa yake juyawa.