Ina neman fim ɗin da ya bi kuɗin cin hanci har inda suke kwana

Ɗan Kwangila:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da shagon cajin waya da tura finafinai kusa da gadar Kwangila, kuma in ka cire Indiya-Hausa, ba abin da ake nema a wajena kamar finafinan 'yan sanda da ɓarayi. Direbobi, 'yan keke, ɗaliban da ke hanyar Samaru, kowa zai miƙo memori ya ce a zuba masa "mai zafi". Wanda na fi turawa a na Turawa shi ne Training Day na 2001, wanda Denzel Washington ya ci kyautar Oscar da shi.

Abin da ke damuna ke nan. Yaran da ke zama a bencin shagona Alonzo suke so, wato gurɓataccen ɗan sandan da Denzel ya fito a matsayinsa. Suna kwaikwayon tafiyarsa da yadda yake magana, wani ma sunan ya laƙaba wa kansa. Alhali mutumin nan a yini ɗaya ya tilasta wa sabon yaronsa shan ƙwaya don ya samu abin riƙe shi da shi, ya shiga gidan mutane da takardar abincin wani gidan cin abinci a matsayin takardar bincike, ya kashe tsohon abokinsa Roger saboda dalolin da ke binne a ƙarƙashin kicin ɗinsa. Duk don ya biya bashin dala miliyan ɗaya da 'yan daban Rasha ke binsa.

Ni kuma wurin da ya tsaya min a rai ba wurin harbe-harben ba ne. Akwai inda Alonzo ya je wani gidan cin abinci na masu kuɗi ya samu manyan jami'ai uku suna zaune cikin kwat, suna hira suna dariya. A wurinsu ya sayi takardar izinin da ya shiga gidan Roger da ita, da kuɗin da ya sato a ranar. Bayan nan fim ɗin bai sake waiwayarsu ba. An yi wa Alonzo ruwan harsashi, labarai sun ce jami'i ya mutu a bakin aiki, mutanen ukun nan kuwa sun koma gida sun kwanta. Wallahi duk sanda na sake kallo sai raina ya ɓaci, domin su ne ɓarayin zaune, kuma su ne ba a taɓa ba.

Tambayata biyu ce. Wane fim kuka sani da bai tsaya kan ɓata-gari ɗaya ba, ya bi kuɗin daga hannun kurtu har teburin wanda ba ya shiga rana? Ina so in riƙa tura wa yaran nan irinsa. Sannan me ya hana namu na Hausa yin irin wannan, alhali kowa a nan ya san abin da ake nufi da "na goro" a shinge?

Direban Funtuwa:

Wa alaikumus salam. Mutumina, ka nemi Gangaajal na Ajay Devgn, 2003, na farkon, ba wanda aka yi daga baya ba. Shi sabon shugaban 'yan sanda ne aka turo wani yanki na Bihar, ya tarar caji ofis ɗin gaba ɗaya a aljihun wani mai suna Sadhu Yadav da ɗansa yake. Tun a hanyar shigowarsa gari ya ga yadda yaransa ke tatsar motocin haya, ni kuwa da nake bin hanya kullum sai na ji kamar da ni ake. Wanda ya fi burge ni a ciki ma ba jarumin ba ne, sufeton nan ne Bachcha Yadav, wanda ya daɗe yana ci a hannun bos, ya zo yana son ya tuba, ya tarar tuban ma tsada gare shi.

Kuma ka sani abin da aka nuna a fim ɗin na 'yan sanda suna zuba wa waɗanda suka kama ruwan batir a ido ba ƙirƙira ba ce. Ya faru a Bhagalpur tsakanin 1979 da 1980, 'yan sanda suka makantar da mutum 31 da ke tsare suna jiran shari'a.

Wanda ban yarda a tura wa yara ba shi ne Dabangg. Salman Khan ya fito ɗan sanda, yana ƙwace kuɗi yana rawa, ana tafa masa. Wannan ya fi Alonzon naka illa, don shi Alonzo ko ba komai an ga ƙarshensa.

Malama daga Samaru:

Ƙanena, tambayarka ta yi min daɗi, don ba kowane mai shago ne zai damu da abin da yake turawa ba. Amma Malam Direba, a yi min afuwa, Gangaajal bai amsa ta ba. Fim ne mai kyau, sai dai har yanzu maganin da ya kawo shi ne a turo mutumin kirki ɗaya daga sama ya gyara komai. Kuma mutane da yawa da na ga sun kalle shi murna suke yi a wurin zuba ruwan batir ɗin, suna cewa maganin ɓarawo ke nan, alhali shi jarumin ƙin abin yake yi.

Ka fara da Serpico na 1973. Tsoho ne, ba gudun mota, yaranka za su ce ya yi sanyi, amma ka daure. Labarin gaske ne na Frank Serpico, ɗan sandan New York, Al Pacino ya fito a matsayinsa. A can ba bos ɗaya ba ne. Tsari ne: duk wata akwai mai zagayawa ya karɓo daga gidajen caca, a raba, kowa da kasonsa. Shi bai tona kowa ba da farko, kasonsa kawai ya ƙi karɓa, wannan kaɗai ya sa ya zama abin tsoro a wurin abokan aikinsa. Ya kai ƙara sama, aka yi ta ce masa ya yi haƙuri, har sai da jaridar New York Times ta buga labarin a Afrilun 1970, magajin gari John Lindsay ya kafa kwamitin Knapp. A Fabrairun 1971 aka harbe shi a fuska a ƙofar wani gida a Brooklyn, abokan aikinsa suna bayansa. Ya rayu, ya ba da shaida, ya ajiye aiki ya bar ƙasar. Rahoton kwamitin ya kasa masu cin hanci gida biyu, masu cin ciyawa da masu cin nama: na farko su ne masu karɓar ɗan abin da aka miƙo, na biyu masu fita farautar manyan kuɗi. Ya ce na farkon ne tushen matsalar, saboda yawansu ne ya sa abin ya zama ba abin kunya ba, kuma shirunsu ne ke rufa wa na biyun asiri.

Wanda ya bi kuɗin har sama sosai shi ne Tropa de Elite na biyu, na Birazil, 2010. 'Yan sanda suka kori dillalan ƙwaya daga unguwannin talakawan Rio, sai suka gane ba sa buƙatar jiran kaso daga hannun kowa. Suka ɗora haraji a kan tukunyar gas, da wayar talabijin, da motocin haya, suka kuma mayar da unguwannin rumbun ƙuri'a ga 'yan siyasa. Fim ɗin ya ƙare ne kyamara na shawagi a kan Brasilia, babban birnin ƙasar. Akwai zubar da jini da yawa, kada ka tura wa ƙananan yara.

Na ukun ya fi kama da gida: The Nile Hilton Incident, 2017, da Larabcin Masar. An kashe wata mawaƙiya a otal a Alkahira, shaida ɗaya ce, 'yar Sudan mai gyaran ɗaki wadda ba ta da gata. Ɗan sandan da aka ba binciken shi kansa yana zare kuɗi daga aljihun gawa, kuma ogansa ɗan uwan mahaifinsa ne. Labarin ya ƙare a ranar 25 ga Janairun 2011, wadda ita ce Ranar 'Yan Sanda a Masar, kuma ranar da jama'a suka fito kan titi. Ba a bari an ɗauke shi a Alkahira ba, a Kasablanka ta Maroko aka yi.

Tsohon Saje:

Ɗana, jikata ce ta nuna min wannan magana, ita ke rubuta min. Na yi aikin ɗan sanda har na yi ritaya, yanzu ina zaune a Tudun Jukun. Ba ni da yawan kallo, amma wanda Malama ta faɗa na farko na gan shi tun ina saurayi, kuma gaskiya ne abin da ke ciki.

Abin da masu fim ba sa nunawa shi ne safiyar kurtu. An ba ku mota ba mai. Takardar rubuta bayani babu, biro babu, takalminka da kakinka sun mutu kai za ka nemo. Ɗakin bariki yana yoyo, yara huɗu a ciki. Sai a tura ku hanya, kuma kowa ya san da yamma akwai abin da za a kawo. Ba wanda zai rubuta maka a takarda, ba wanda zai faɗa da baki ƙarara. Wanda ya dawo hannu rabbana sau biyu, sau uku, sai ya ga sunansa ya fita daga masu zuwa hanya. Na yi aiki da wani bawan Allah, mutumin Filato, Kirista ne, ko ruwan leda ba ya karɓa. Ba a harbe shi ba kamar na fim. Canjin wurin aiki aka yi ta yi masa, daga wannan ƙauye zuwa wancan, waɗanda suka shigo bayansa suka zama ogoginsa, matarsa ta gaji ta koma gida da yara. Har yau in na tuna shi sai hawaye ya zo min. In da mai fim zai ji maganata, labarinsa zai yi.

Ba ina wanke kowa ba ne. Talauci bai sa a kama uba a madadin ɗansa ba, dokar shari'ar laifuka ta 2015 ma ta hana wannan. Talauci bai sa a karɓi kuɗin beli a ƙarƙashin allon da aka rubuta beli kyauta ne ba. Wannan zalunci ne da haɗama, kuma wanda ya yi zai tsaya gaban Allah shi kaɗai, ba oga a gefensa.

Ku yara ba ku san zamanin Anini ba. A 1986 ɗan fashi Lawrence Anini ya hana birnin Benin barci, har shugaban ƙasa Babangida yana tambayar Sufeto Janar ina yake. Da aka kama shi sai ga shi babban jami'i, DSP George Iyamu, shi ke ba su labarin sirri da makamai. Kotun musamman ta yanke musu kisa, aka harbe su a 1987. Mu da muke cikin kaki a lokacin mun san kunyar da muka sha a kasuwa.

Ɗan Kwangila:

Baba, Allah ya ƙara girma, ya saka da alheri. Maganar mutumin Filaton nan ta shige ni fiye da duk finafinan da aka lissafa. Malama na gode, na samu Serpico, na Birazil ɗin ne ban samu mai rubutun fassara a ƙasa ba tukuna. Yaya Direba, Gangaajal ina da shi, zan sake kallonsa saboda sufeton nan.

Saura tambayata ta biyu. Na kalli The Black Book na 2023, inda Richard Mofe-Damijo ya fito a matsayin uban da 'yan sanda suka kashe masa ɗa suka laƙa wa yaron satar mutane, har da Ali Nuhu a ciki. Ke nan 'yan wasanmu za su iya. Me ya hana a yi shi da Hausa?

Malama daga Samaru:

Kuɗi da tsoro, ƙanena. Wancan Netflix ya hau, duniya ta kalla. Mai shirya fim a nan kuɗinsa ne ko na bashi, a YouTube zai mayar, kuma ya san soyayya da rikicin kishiyoyi ba sa faɗuwa. Ga hukumar tace finafinai a Kano tun 2001, dole ya yi lissafin abin da zai wuce. Ga kuma sanarwar da rundunar 'yan sanda ta fitar a 2022 cewa ba a sa kakinta a fim ko wasan barkwanci sai da izini. Ka ga wanda zai je neman izinin kaki da labarin DPO mai karɓar kaso sai ya yi shahada. Shi ya sa ɗan sanda a finafinanmu sau da yawa ko abin dariya ne, ko kuma ya zo a minti biyar na ƙarshe ya sa wa mugu ankwa.

Amma labarin da Baba ya bayar ba ya buƙatar fashewar mota ko jirgi. Ɗakin bariki ɗaya ne, da shinge, da tashar mota, da mace tana ɗaure kaya. Ina da ɗalibai biyu da ke karanta wasan kwaikwayo a ABU suna neman labarin da za su yi aikin ƙarshe da shi. Baba, in ka amince, zan turo su Tudun Jukun ranar Asabar bayan la'asar su zauna da kai, ba sai ka ambaci sunan kowa ko na wani ofis ba.

Tsohon Saje:

Su zo, 'yata. Su taho da littafin rubutu mai kauri.