Farautar elk a Kolorado: lokacin baka ko lokacin bindiga?

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum. Ina zaune a Denba, babban birnin jihar Kolorado, ina son fita farautar elk, babbar barewar nan ta duwatsun Amurka da namijinta ke kai kilo 300. Lasisin baka zan nema ko na bindiga? Me ya fi kayar da sabon hannu?

Mai Kwari:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Lokacin baka a Kolorado watan Satumba ne, daidai da barbararsu, shi ya sa maza ke kuka suna tona inda suke. Matsalar ita ce sai ka matso yadi 20 zuwa 40, kuma hancinsu ya fi idonsu. Da asuba iska mai sanyi gangarowa take yi daga kan dutse, rana na ɗagawa sai ta juya ta haura. To da sassafe ka tunkare su daga ƙasa, da hantsi ka kasance sama da su. Ka riƙe 'yar kwalbar toka kana busawa, ka ga inda take nufa.

Doka ta ce ƙarfin jan baka kada ya gaza laba 35, amma ga wannan dabba ka nemi 55 zuwa sama. Kada ka saki kibiya sai ya ba ka gefe, ka auna bayan allon kafaɗa don ta ratsa huhu biyu. Wanda ya fuskanto ka, ƙashi za ka samu. Ka fi yawan kwaikwayon kukan mace. Kukan namiji yakan sa babba ya kwashe matansa ya ƙara gaba.

Mai Bindiga:
Malam, sabon hannu ya fara da bindiga. A Oktoba da Nuwamba sun yi shiru, sun shige duhuwar itatuwa a gangaren da ke kallon arewa, don haka aikin na madubin hangen nesa ne, asuba da magariba a bakin makiyaya. Bindiga mai girman baki .30-06 da harsashi mai nauyin giren 180 (ma'aunin nauyin harsashi) ta isa. Ka saita ta a yadi 200, a 300 harsashin zai sauka kusan inci 8. Dole ka sa riga da hula masu ruwan lemo ko hoda mai ƙyalli, inci murabba'i 500 daga ƙugu zuwa sama. Duk wanda aka haifa daga 1949 sai ya nuna shaidar horon farauta, kuma neman lasisin da ake rabawa ta hanyar ƙuri'a yana rufewa farkon Afrilu.

Sarkin Fawa:
Kun bar babban aikin. Ka yi bisimilla kafin ka harba, in ka iske shi da rai ka yanka. Bayan harbi ka duba jini: ja mai haske da kumfa huhu ne, ka jira minti 30 ka bi sawu. Mai duhu hanta ce, mai kore da wari tumbi ne, waɗannan sai awa shida ko fiye, in ka matsa masa zai tashi ya ɓace.

Zafin Satumba na ɓata nama daga jikin ƙashin cinya da wuya. Ka feɗe nan take, ka raba cinyoyi da karfata, ka zuba a buhun yadi, ba leda ba, ka rataye a inuwa. Ka bar alamar jinsi manne da cinya ɗaya, jami'an daji na dubawa. Ɗaukowa zuwa mota sawu huɗu ne ko biyar ga mutum ɗaya, saboda haka kada ka harba a kwarin da ba za ka iya haurowa da kaya ba.