Ruwa ba ƙarfi a saman bene: injin busta zai magance?

Mai tambaya, Barnawa: Salamu alaikum. Gida mai bene ɗaya ne, tanki na kan ƙarfe mita 5, ruwan burtsatse. A ƙasa ruwa na zuwa, shawar sama kuwa ɗiga kawai take yi. Wane busta (injin ƙara wa ruwa ƙarfi) ya dace?

Mai aikin famfo, Kawo: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kowace mita ɗaya ta tsayi tana ba da kusan bar 0.1 ne kawai (bar ma'aunin ƙarfin ruwa ne). Kan shawar ya kusa kai tsayin tankin, ina ƙarfi zai fito? Amma kafin ka kashe kuɗi, a kwance kan shawar a duba, yashin burtsatse na toshe shi. In lafiya yake, busta mai ƙarfin rabin doki (wat 370) ya isa banɗaki biyu. A ɗaura shi a fayif ɗin da ya fito daga tanki, inci 1, kada a rage. A sa matatar ruwa kafin injin, bawul mai hana ruwa komawa bayansa, da otomatik mai kashe shi in tanki ya ƙare, don gudu ba ruwa na ƙona sil, wato abin da ke hana ruwa yoyo daga cikin injin.

Mai wayarin, Tudun Wada: A yi masa layin kewaye da bawul, ranar da babu wuta ruwa ya bi ta can. Wutar Kaduna tana yawan zuwa da rauni, sai a haɗa da sitabilaiza da wayar ƙasa.

Mai aikin famfo, Kawo: Haka ne, Malam. In injin yana tashi yana mutuwa alhali famfuna a rufe, akwai yoyo, galibi a tankin masai. Kada ƙarfin ruwan ya wuce bar 3, tsofaffin mahaɗan roba na ɓallewa cikin bango.