Neman tarihin kakanmu da ya yi aikin En'e a ƙasar Ringim

Mai neman shawara:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masana a kan yadda zan bi diddigin tarihin kakan mahaifina, wanda dattawanmu suka ce ya yi malamin haraji a ƙasar Ringim a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero. Abin da ya rage a hannunmu shi ne wata takardar ajami da gara ta cinye gefenta, sai kuma zancen gwaggona cewa an taɓa buga sunansa a Gaskiya Ta Fi Kwabo. Daga ina ya kamata in fara?

Amsa daga wani malamin tarihi a Zariya:
Wa alaikumus salam, Malam. Sarki Abdullahi Bayero ya yi mulki daga 1926 zuwa 1953, ita kuwa Gaskiya Ta Fi Kwabo an fara buga ta a Zariya a watan Janairun 1939, lokacin da Malam Abubakar Imam yake editanta. Ke nan idan zancen gwaggo ya tabbata, binciken jarida ya tsaya tsakanin 1939 da 1953, kuma sai ka yi haƙuri, domin shafi-shafi za ka bi. Ka nemi tsofaffin fitowarta a Arewa House da ke Kaduna. Amma a ganina jarida ba ita ce ƙofar farko ba, saboda ƙaramin ma'aikacin gunduma ba kasafai yake shiga labari ba sai in ya rubuto wasiƙa ko an yi masa naɗi.

Abin da ya fi amfani shi ne fayilolin Lardin Kano a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa, reshen Kaduna, waɗanda ake nema da lambar KANOPROF. Kada ka ambaci Jigawa a can, domin sai a 1991 aka ƙirƙiro jihar, a wancan zamani kuwa Ringim gunduma ce a masarautar Kano. Rahotannin da Turawan mulki suka rubuta lokacin tsara haraji sukan kawo sunayen ƙauyuka da dagatai da yawan jama'a da jangali, wani lokaci har da tarihin zuwan mutanen gari. Kasafin Baitulmali kuma yawanci muƙami da albashi yake nunawa, ba suna ba, don haka kada ka ɗora masa buri.

Amsa daga wani dattijo a Haɗeja:
Ɗana, takarda tana iya jira, gwaggonka ce ba ta da tabbacin jira. Ka je ka zauna da ita, ka ɗauki muryarta a waya da izininta. Kada ka tambaye ta shekara, mutanenmu ba haka suke ƙirga lokaci ba. Ka tambaye ta ko ya kama aiki kafin jirgin ƙasa ya ratsa Ringim zuwa Nguru, wanda aka kammala a 1930, ko yana raye lokacin yaƙin Hitila, ko ya ga zuwan Sarauniya a 1956. Sannan ka tambayi sunan hakimin da ya yi wa aiki, da laƙabin da ake kiransa da shi, domin sau da yawa matan gida ba sa faɗin ainihin sunan babba saboda kunya.

Amsa daga wata ɗaliba mai bincike a Kano:
Malam, ina ƙara abu biyu. Turawa ba su da tsayayyen rubutun sunayenmu, mutum ɗaya zai iya fitowa a matsayin Muhammadu a nan, Mamman ko Momadu a can, saboda haka ka haɗa sunansa da na mahaifinsa da garinsa kafin ka yarda shi ne. Takardar ajamin kuma kada ka liƙa mata salatif, kada ka kai a rufe ta da leda mai zafi. Ka ɗauki hotonta gaba da baya, ka ajiye ta a shimfiɗe tsakanin fararen takardu, ka kai hoton Gidan Ɗan Hausa, wato Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, a taya ka karantawa. Idan akwai hatimin alƙali a jikinta, mai yiwuwa ta rabon gado ce, kuma irin wannan takarda takan jero sunayen matan mamaci da 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya.