Kyankyasan dubiya sun ƙi haihuwa, wata uku babu ɗa ko ɗaya

Baban Hafsa, Riyad

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu kiwo. Ina da ƙadangaren Ostareliya mai gemu ɗan wata huɗu, da hawainiyar Yaman guda ɗaya. Kuɗin sayen ƙwari ya yi mini yawa, sai na sayi manyan kyankyasan dubiya (irin da ake kiwo don ciyar da ƙadangaru) 40, mata 20 maza 20, don su hayayyafa a gida. Yau wata uku ke nan ban ga jariri ko ɗaya ba. Suna cikin akwatin roba mai murfi, a ɗakin da mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki) ke aiki dare da rana a kan digiri 22. Abincinsu busasshen abincin kyanwa da tumatir. Sau uku ina tsintar wani abu dogo mai launin ƙwanduwa a ƙasan akwatin, fukafukan mazan duk an gaigaye, ga wari ya fara tashi. Ina matsalar take?

Abu Yasir, Makka

Wa alaikumus salam Baban Hafsa. Sanyi ne ya hana su. Mutum zai ce a Saudiyya wane sanyi, amma ƙwarin nan ba a waje suke ba, a ƙarƙashin mukayyif suke. Dubiya asalinta Kudancin Amurka ce, wajen Ajantina da Barazil. A kan digiri 22 za ta rayu, ta ci abinci kaɗan kaɗan, amma haihuwa sosai sai zafi ya kai 28 zuwa 33. Ka nemi 30 ko 31 ka tsaya a nan.

Abin da kake tsinta jakar ƙwai ce. Dubiya ba ta ajiye ƙwai a waje. Macen takan fito da jakar ta bayanta, ta sake mayar da ita ciki, 'ya'yan su ƙyanƙyashe a cikinta, sannan ta haife su da rai, farare, 20 zuwa 35 a haihuwa guda. Idan ka ga jakar a maƙale da ita, ƙyale ta, kada ka taɓa. Idan kuwa ta yar da ita a ƙasa, ɓari ta yi, wannan jakar ba za ta ƙyanƙyashe ba. Abin da ke jawo haka: sanyi, bushewar iska, yawan buɗe akwati ana jujjuya su, da maza masu damun ta.

Mazanka sun yi yawa ƙwarai. Namiji ɗaya ya ishi mata huɗu ko biyar. Gaigayar fukafukan nan faɗa ne da ƙishirwa. Bar maza biyar, sauran 15 ka riƙa ba hawainiya idan babba ce. Gane su ba wuya, namiji fukafukansa sun rufe bayansa duka, mace 'yan guntaye ne gare ta.

Gyaran akwatin kuwa, a samu na roba mai duhu, lita 60 zuwa 80, mai santsi a ciki, don dubiya ba ta iya hawa santsi. A yanke kusan rabin murfin a manna ragar ƙarfe mai ƙananan ido. Kada a zuba ƙasa ko dusar katako. A jera kiret ɗin ƙwai na kwali a tsaye, guda shida zuwa takwas, a juya su baya da baya don kada su shige cikin juna. A tsaye kashinsu ke zubowa ƙasa maimakon ya taru a ramukan. Shimfiɗar ɗumama ta lantarki a manna ta a gefe guda daga waje, a haɗa ta da na'urar daidaita zafi, a saka bakin wayar auna zafin a tsakiyar kiret ɗin. Ɗaya gefen ya zama mai sauƙin zafi, can za a ajiye abinci. Kada ka ce bari ka huta da sayen shimfiɗa ka kai su baranda ko saman bene. Bazarar Riyad tana wuce 45, akwatin roba a rufe ya fi haka, yini ɗaya ya isa su ƙare. Hunturu kuma dare yana sauka ƙasa da 10.

Sai lissafi. Ƙadangare mai tasowa yana iya cinye ƙanana 20 a rana, 600 ke nan a wata. Idan muka ɗauka kowace mace tana ba da 25 duk wata biyu, kana bukatar mata kusan 50 don shi kaɗai. Jariri kuma sai ya yi wata huɗu zuwa shida, ya yi saɓa sau bakwai, kafin ya balaga. Saboda haka ka ƙaro mata, ka ci gaba da sayen abincin dabbobinka daga waje har wata shida, kada ka ɗebi na akwatin.

Ummu Salma, Jidda

Malam Abu Yasir ya gama da zafi. Ni abincin kyanwar nan ne ya tsaya mini a rai. Ɗan'uwa, ka daina shi yau. Kyankyaso idan ya samu furotin fiye da bukatarsa yana tara shi a jiki a matsayin sinadarin yurik, ƙadangaren da ya ci shi kuma yana iya kamuwa da ciwon kumburin gaɓoɓi da lalacewar ƙoda. Busasshen abinci ya zama dusar alkama da niƙaƙƙen hatsin ot, a murfin kwalba, kullum a bushe. Ɗanye kuma karas, kabewa, lemon zaƙi, tuffa, ganyen jarjir (wani ganyen salad). A wanke sosai ko a fere, don ragowar maganin feshin gona yana kashe su. Tumatir ruwa gare shi da saurin ruɓewa, shi da gawarwakin da ba a kwashe ba su ne warin da kake ji. Akwatin dubiya mai lafiya kusan ba ya wari. Sa abin da za su cinye cikin awa 24, abin da ya rage a kwashe. Kada a ajiye kwanon ruwa, jarirai nutsewa suke yi.

Laima kuma kowa ya duba garinsa. Ana son 40 zuwa 60 cikin ɗari. A Riyad, ga bushewar hamada ga mukayyif, sai ka ga ƙwaro ya maƙale cikin tsohuwar fatarsa ya mutu rabin saɓa. Can a rage faɗin ragar zuwa kashi ɗaya cikin uku na murfin, kada lemo ko karas ya yanke. Mu a Jidda akasin haka ne, danshin teku yana kawo fumfuna da ƙananan ƙwarin hatsi masu kama da ƙura tana tafiya, sai an buɗe ragar sosai kuma ba a fesa ruwa sam.

Waɗanda za a bayar a ware su a ƙaramin mazubi, a ƙosar da su da ganye da karas awa 24 zuwa 48, sannan a barbaɗa musu garin kalsiyam dab da bayarwa. Dubiya fosfarus ɗinta ya rinjayi kalsiyam, idan babu gari da fitilar UVB (mai ba da haske irin na rana) ƙashin ƙadangare laushi yake yi, muƙamuƙi ya karkace. Girman ƙwaron kada ya wuce tazarar da ke tsakanin idanun dabbar. Masu ajiye damon nan da Larabawa ke kira dabbu su lura, shi ganye da tsaba yake ci, ba a kiwon sa da kyankyaso.

Baban Hafsa, Riyad

Allah ya saka da alheri Malam, Hajiya na gode. Na ga ana sayar da wasu jajaye masu gudu, sun fi araha, an ce sun fi saurin yawa. In koma kansu?

Abu Bilal, Madina

Waɗannan kyankyasan Turkistan ne, kuma gaskiya ne suna saurin yawa, hawainiya ma ta fi son su saboda motsinsu. Amma a shaƙƙa (gidan haya a cikin bene) ba na ba ka shawara. Su jakar ƙwai suke yarwa a waje, kuma yankinmu na daga cikin gidansu na asali, don haka mace ɗaya mai ƙwai da ta kuɓuce ta samu bayan firji ko magudanar ruwa ta zauna ke nan, kai da maƙwabta. Dubiya da ta fita yawanci bushewa take yi ta mutu.

Abu biyu ke share akwati dare ɗaya a nan ƙasar. Na farko feshin maganin ƙwari na gini. Ka roƙi haris (mai gadin ginin) ya riƙa sanar da kai ranar feshi, ka fitar da akwatin da dabbobin zuwa wani gida na 'yan kwanaki; ƙwaron da ya sha magani bai mutu ba shi zai kashe maka ƙadangare. Dalilin nan ne ma ya sa ba a kama kyankyason banɗaki a bayar. Na biyu kiyashi. Ɗora akwatin a kan tebur, ƙafafunsa cikin gwangwanaye masu ruwa, kada ya jingina da bango, a shafa basilin faɗin yatsa biyu a kewayen bakinsa.

Shara duk wata biyu ta isa. A tankaɗe kashin da rariya, a bar ɗan kaɗan a ƙasa don jarirai a ciki suke ɓuya suna ci. A yi aikin a wuri mai iska, da takunkumi da safar hannu, saboda ƙurar tana jawo atishawa da ƙaiƙayi, mai asma kuwa kada ya matso. Abin da aka tankaɗe a ƙulle a leda a sa a firiza kwana biyu kafin a zubar. Idan ka ga fari fat a cikinsu ba ciwo ba ne, saɓa ya gama, cikin 'yan awanni zai yi duhu.