Ciwon mara yana hana 'yata zuwa makaranta duk wata

Uwar 'Yan Mata, Gusau:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar iyaye mata da ma'aikatan lafiya. 'Yata ta fari shekararta 15, ta fara al'ada kusan shekara biyu ke nan, kuma da farko ba ta kuka da komai, amma tun bara duk wata sai ciwon mara ya kwantar da ita kwana biyu, har da amai da ciwon baya. Kwanaki kaɗan kafin jinin ya zo ƙirjinta yana yin tsami, ƙuraje su feso mata, ga saurin fushi a kan abin da bai kai ya kawo ba. Kakarta tana jiƙa mata jar kanwa, tana cewa idan ta yi aure ta haihu zai wuce, ni kuwa darussan da ke wuce ta ne suke damuna. Paracetamol ba ya yi mata aiki sosai. Me zan yi mata?

Ungozoma, Birnin Kebbi:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba ta lafiya. Yawanci haka ciwon yake somawa, bayan watanni ko shekara da fara al'ada, lokacin da jikin yarinya ya fara sakin ƙwai. Bangon mahaifa yana fitar da wani sinadari mai suna furostagilandin, wanda ke sa mahaifar ta riƙa murɗawa domin ta fitar da jinin, kuma idan ya yi yawa shi ne yake kawo amai da gudawa da ciwon baya. Ibuprofen ya fi paracetamol amfani a nan saboda yana rage sinadarin kansa, sai dai sirrinsa yana ga lokacin sha: ta fara da zarar ta ji alamar farko, kada ta jira sai ciwon ya ci ƙarfinta. Ga mai shekarunta, miligiram 400 bayan kowace awa 8, bayan ta ci abinci, na kwana biyu ko uku kawai. Idan tana da gyambon ciki ko asma ko ciwon ƙoda, kada ta sha sai likita ya yarda, kuma kada a ba ta asfirin tunda ba ta kai shekara 16 ba.

Kanwa kuwa gishirinta yana da yawa, ba na son ta zama abin sha duk wata. Gaskiya ne ciwon yakan ragu ga mata da yawa bayan haihuwa, amma bai kamata yarinya ta yi shekaru tana murƙususu tana jiran wannan ranar ba. Idan wata uku suka wuce babu sauƙi, ko jinin ya haura kwana 7, ko tana canza auduga duk awa ɗaya ko biyu, ko ciwon yana zuwa ba a lokacin al'ada ba, ku je wurin likitan mata a asibitin gwamnatin tarayya da ke garinku Gusau, domin akwai lalurar da irin naman bangon mahaifa ke tsirowa a wajenta.

Malamar Makarantar Kwana, Argungu:
Abin da na fi gani yana taimakon ɗalibaina shi ne ɗumi. A zuba ruwan zafi a gora, a naɗe ta da tawul don kada ta ƙona fata, a ɗora a kan mara. Ina kuma sa su rubuta ranar da jini ya zo a bayan littafinsu, saboda yarinyar da ta san lokacinta ba ta shiga aji babu magani da auduga a jaka. Ina roƙonki, Hajiya, kada ki bari a saba mata da allurar kashe ciwo a kemis ko tiramadol, domin na ga yarinyar da ta fara a kan ciwon mara, daga baya ta kasa bari.

Gwaggon Yara, Talatar Mafara:
Shayin citta mai ɗumi ya yi wa nawa amfani ƙwarai. A satin da take jiran jinin ki rage mata gishiri da magi da lemon kwalba, ta riƙa ɗan tattaki da yamma, ta kwanta da wuri. Ki yawaita mata zogale da wake da hanta saboda jinin da take zubarwa. Fushin kuma ba rashin kunya ba ne, ki ja ta a jiki ki bayyana mata dalilinsa, domin kunyar 'yar fari takan sa yarinya ta ɓoye wa mahaifiyarta abin da ke cin ta.

Uwar 'Yan Mata, Gusau:
Na gode, Allah ya saka muku da alheri. Ba ta da gyambon ciki ko asma, kuma bisa lissafinmu saura kwana tara. Yau zan sayi maganin, sannan in zauna da kakarta a kan batun kanwar cikin ladabi. Sista, a ranar farko da amai ke hana ta cin abinci, shin kofin kunu ya isa kafin ta sha maganin?