Neman kalmar Hausa: wane suna ya dace da "amber"?

Masu fassara kan rubuta "amba" ko "ambar" idan suka ci karo da wannan kalma ta Turanci, kuma a ganina aron yana jawo ruɗani. Ambar da masu turare suka sani daga Larabci ya zo, kuma asalinsa sunan wani abu ne mai ƙamshi da ke fitowa daga cikin wata ƙatuwar dabbar teku. Turawa ne suka ari sunan suka ɗora shi a kan wani abu dabam, don kawai dukansu biyu ana tsintar su a bakin teku.

Abin da muke nema wa suna ƙaro ne da ya tsattsafo daga jikin itatuwa, ƙasa ta binne shi, ya taurare cikin miliyoyin shekaru. Na gaɓar tekun Baltik da ke arewacin Turai ya kai kimanin shekara miliyan 40, na arewacin Myanmar kuwa miliyan 99. Ba shi da nauyi, ba ya sanyi a hannu kamar dutse, yana kuma cin wuta, shi ya sa Jamusawa ke ce masa dutse mai ƙonewa. Wannan ne ya sa ban gamsu da "dutsen ƙaro" ba, ko da yake yana da daɗin faɗi. "Kahraman" na Larabawa ya fi shi tarihi, domin ya samo asali daga kalmar Farisa mai nufin abin da ke jawo tsinke, saboda idan aka goga shi da ulu yakan janyo ƙananan abubuwa. Girkawa ma daga sunan da suka ba shi, elektron, aka sami kalmar da ta zama lantarki a bakinmu. Sai dai Bahaushen da ya ji "kahraman" ba zai san ko tsuntsu ake nufi ko gari ba.

Shawarata ita ce mu ce "ƙaron dauri". Akwai mai cewa ƙaro yana narkewa a ruwa, wannan kuwa ba ya narkewa, amma ai muna cewa ƙaron maje, wanda shi ma ruwa ba ya narkar da shi, kuma ba mu taɓa ganin aibun hakan ba. Abin da ya fi jan hankalina shi ne kalmar "dauri", domin darajar abin nan a tsufansa take da kuma abin da ya riƙe. Ƙwaro kan maƙale a cikinsa tun yana da danshi, sai a same shi yau da fukafukansa da gashin ƙafafunsa kamar jiya ya faɗa, har a 2016 aka bayyana wani guntu daga Myanmar ɗauke da jelar ƙaramin dinoso (irin dabbobin dā da suka ƙare a duniya) mai gashin tsuntsu. Daga nan marubuta suka mai da shi alamar tunawa, kamar yadda Girkawan dā suka ce hawayen 'yan'uwan Fayeton (ɗan allahn rana a tatsuniyarsu) mata ne da suka daskare suna makokinsa. Kwatancin yana da gaskiya har ta ɓangaren da ba a cika ambata ba: ƙaron yana adana siffa ne kawai, rai ya riga ya tafi, kuma haka hoto ko tsohuwar wasiƙa suke riƙe mutum a hali guda, ba ya ƙara tsufa, ba ya kuma sauya magana. Jumlar "ta adana muryar kakarta kamar ƙwaro a ƙaron dauri" tana ɗauke da wannan ma'ana duka ba tare da an yi sharhi ba.

Inda sunan yake da rauni shi ne wajen launi, wanda shi ma "amber" ake ce masa a Turanci, domin "ruwan ƙaron dauri" ya yi tsawo. A nan ba na ganin buƙatar ƙirƙira, tunda "ruwan zuma" yana nan kuma kowa ya san shi. Wanda ya taɓa jin wani tsohon suna daga bakin masu sayar da duwatsun ado ko carbi, ya kawo shi a auna, domin kalmar da aka gada ta fi wadda aka ƙera saurin karɓuwa.